Kuɗin Ƙwallon da Ya Dawo Mana da Auta Ainu Shams

A cikin 'ya'yana babu wanda ya ba ni aikin ciyarwa kamar auta. Tun yana goye mata ke tsokanata, wai ko tagwaye na haɗa a zani ɗaya. Yana rarrafe muka baro Gadarif ta ƙasar Sudan muka zo Alƙahira, ni da maigidan da yayar auta mace. Mun fara zama a unguwar Arba wa Nus, daga baya muka koma Ainu Shams, a wani gida mai tsawo da babu lif, kusa da tashar metro. Maigidan agashe yake gasawa, abin da mutanen Kano ke kira tsire, a bakin wata ahwa inda maza ke zaman shayi da kallon talabijin. Ni kuma lalle nake yi wa amare.

Auta ya taso yana taya babansa aiki in ya dawo daga makaranta. Kafin ya gama sakandare ya fi kowa a layinmu tsawo da faɗi, amma ga sanyin hali, ko kyanwa ba ya iya kora daga bakin ƙofa sai ya lallaɓa ta. Wata rana wani Bamisire da ke zuwa sayen nama daga unguwar Ma'adi ya gan shi ya sauko daga mota da buhun gawayi a kowace kafaɗa, yana tafiya yana hira da direban kamar babu komai a kansa. Mutumin ya bar naman ya bi shi da kallo, sannan ya ce da maigidan shi koci ne, yana horar da ɗalibai ƙwallo, yana son yaron nan.

Maigidan ya yi dariya ya ce, "Wannan? Ai ko bas ya biyo ba ya kama ta. Ina zai iya gudun ƙwallo?"

Kocin ya ce, "Ba gudu nake so ya yi ba, Alhaji. Tsayawa nake so ya yi, kada kowa ya wuce shi."

Ashe ba ƙwallon da muka sani ba ce. Ta Amurkawa ce, wadda ake sa hular kwano da sulke a kafaɗa, ƙwallon ma ba zagayayya ba, kamar gwanda. Ranar da na fara zuwa kallo a wani fili a Ma'adi, ina ganin an jera an yi karo na rufe fuska da mayafi. Yayarsa ce ta zauna ta yi mini bayani a hankali. Akwai yaro ɗaya mai jefa ƙwallon, kowa na ɗaya ɓangaren so yake ya kayar da shi kafin ya jefa. Aikin auta shi ne ya tsaya a gabansa ya tare su. Shi ke nan. Shekarun da ya yi yana wannan wasa, ban taɓa ganin ya taɓa ƙwallon da hannunsa ba, kuma an ce mini in ya taɓa ma laifi ne.

Kocin nan ne ya riƙa ɗaukar wasansa a waya yana aika wa mutanen da ya sani a Amurka. Mu ba mu ɗauki abin da nauyi ba, har ranar da aka ce wata ƙaramar jami'a a can ta amince ta ɗauke shi, karatu kyauta, abinci da wurin kwana kyauta, shi kuma ya buga musu. Maigidan tambaya ɗaya ya yi, me zai karanta. Auta ya ce gashin ƙashi, irin wanda ake yi wa waɗanda suka ji ciwo a gaɓoɓi. Baban ya ce to madalla, gida bai bar sana'a ba, uba mai gashi ɗa mai gashi. Haka muka raka shi filin jirgi, na riƙe hawayena har muka hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya ta komawa gida.

Garin da ya je ƙarami ne, gonakin masara ta kowane gefe, sanyi kuma irin wanda ba mu da sunansa. Kocinsu na can wani dattijo ne mai farin gashi, shi da kansa ya je ya ɗauko shi daga filin jirgi. Shi ya nemo masa inda ake sayar da naman halal a wani gari mai nisa, da azumi ya zo kuma ya sauya masa lokacin atisaye ba tare da an roƙe shi ba. Ɗaki ɗaya aka ba su da yaron da ke jefa ƙwallon, wani siriri ɗan manoma, mai yawan kunya. In na kira auta ta bidiyo sai in ga yaron ya leƙo ta bayansa yana ɗaga mini hannu, har ya koyi cewa "Sannu, Umma" da wata irin murya da ke sa ni dariya. Na ce da auta ya kula da shi sosai, don duk jikinsa bai kai cinyar auta ɗaya ba.

A lokacin doka ta hana a biya ɗaliban da ke wasa. Auta ya ce ko wani mai shago ya ba shi kyautar takalmi saboda yana buga ƙwallo, ana iya dakatar da shi. Ni abin bai dame ni ba, tunda yana karatu yana ƙoshi. Abin da ya dame ni shi ne ba ya zuwa gida. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu, shi kuma ba shi da hanyar samu. Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, abokansa su tafi gidajensu, shi ya bi ɗan manoman nan gonarsu ya taya su aiki. Sallah bayan Sallah ina dafa abinci ina rage hannu, don na saba da tukunyar da auta ke ciki.

Abin da ya rage mana zafi shi ne ranar Asabar. In sun buga da rana a can, a nan bayan Magariba yake kamawa. Yayarsa takan haɗa wayarta da talabijin ɗin ahwa, mai ahwar ya yarda saboda mutuncin maigidan, in dai babu wasan manyan ƙungiyoyin Masar a ranar. A ajiye mana kujeru mu mata a gefe, kusa da murhun agashe. Da farko Misirawan unguwa gunaguni suke yi, wai wane irin wasa ne wannan da ake gudu kaɗan a tsaya a yi shawara. Sannu a hankali suka fara ganewa. Wani tsoho mai gyaran tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku, ya zama gwanin doka, yana yi wa alƙalin wasa ihu daga Ainu Shams. Ni kuma na haddace yaran duka, da fuskokinsu da lambobin rigunansu. Na san wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya, na san wanda ke son cin abincin auta. In ɗaya ya faɗi bai tashi da wuri ba, addu'a nake yi masa kamar nawa.

Ana haka, wata rana auta ya kira ya ce, "Umma, an sauya doka. Yanzu an yarda a biya mu."

Na miƙa wa babansa wayar. Ya saurara, ya ce, "To ku ɗalibai ne ko ma'aikata?"

"Duka biyun, Baba, ina ji."

"Wanda ya haɗa biyun, ɗaya yake yi da gaske. Ka dai kula da wanne ne."

Da farko abin bai shafe shi ba. Masu shaguna da attajiran da suka yi karatu a jami'ar suka fara ba yaran kuɗi, wannan ya yi musu talla, wancan ya je buɗe shago ya gaisa da mutane. Abokansa suka fara sauya waya da tufafi, wani har mota. Shi kuwa baƙo ne, bizarsa ta karatu ce, ba ta yarda ya yi irin wannan aiki a cikin ƙasar ba. Bai yi mini ƙorafi ba, amma na ji a muryarsa. Shi ke shan karo a gaba, waɗanda yake karewa su ke karɓa. Sai wata lauya da ke aiki da makarantar ta duba lamarin ta ce akwai hanya. In aikin tallar a wajen Amurka ya yi shi, babu laifi. Wato in yana son kuɗin, sai ya fita daga ƙasar ya yi hoton ya dawo. Wani mai gidan cin kaji a garin ya ce shi yana so, kuma zai biya har da jirgi.

Na daɗe ina tunanin wannan abu. Dokar da ta tauye shi ita ce ta turo mini shi gida. Ranar da ya iso, tun daga ƙasa na ji matakala tana amsa tafiyarsa. Da ya zo ƙofa sai da ya sunkuya ya karkata kafin ya shigo. Na tsaya ina kallonsa, ya ƙara girma har na rasa ta inda zan rungume shi, sai na kama hannun rigarsa kawai na ce, "Ka ci abinci?" Ya ce, "Umma, tun da na tafi ban ci ba."

Tallar a saman rufin gidanmu aka ɗauke ta, tsakanin igiyoyin shanya da akurkin tantabarun maƙwabcinmu. Yayarsa ta samo wani saurayi mai kyamara da ke ɗaukar bukukuwan da nake yi wa lalle. Mai gidan kajin ya aiko da riga mai tambarinsa da maganar da za a faɗa. Auta zai zauna, birnin Alƙahira a bayansa, ya ɗauki cinyar kaza ya ce ko a Masar yana kewar kajinsu. Kajin kuwa maigidan ne ya gasa su, da yajinsa da ƙuli-ƙulinsa, ya hau da su da kansa a faranti. Yana tsaye a gefe yana kallo, sai ya tambayi yayar me yaron ke cewa da Turanci. Ta fassara masa.

Maigidan ya ce, "Tsaya, tsaya. Kazata ce a hannunka, kana cewa kana kewar ta wani?"

"Baba, talla ce kawai."

"Talla ce ta sa za ka yi ƙarya da bakin da ke tauna namana?"

Mai kyamara ya ce, "Ma'alish ya Hajj, yi haƙuri, yalla mu yi sauri, rana za ta faɗi." Maƙwabta sun cika rufin da na kusa da shi, yara suna leƙe, tantabaru suna tashi duk lokacin da auta ya buɗe baki. Aka yi ta maimaitawa. Duk maimaici sai an kawo sabuwar cinya, don ba ya iya riƙe ta bai cinye ba. A ƙarshe suka daidaita da babansa, aka sauya maganar ta koma cewa kaji biyu yake so a duniya, na babansa da nasu. Mai gidan kajin ya ji daɗin wannan fiye da tasa, har ya liƙa hoton maigidan da wuƙarsa a bangon shagonsa. Maigidan ya nuna kamar bai damu ba, amma duk wanda ya zo sayen agashe a makon nan sai da ya ga hoton a waya.

Daga nan auta ya riƙa zuwa duk hutu, wani lokaci da tallar mai sayar da motoci, wani lokaci ta banki ko shagon tufafin ƙattai. Abin da ya samu ya gyara mana gida, ya saya wa babansa babban firij na ajiye nama. Ni dai ribata ita ce ina ganinsa a tabarma yana cin tuwo da miyar kuɓewa.

Amma da sabuwar kakar wasa ta shigo muka zauna a ahwa, sai na ga abin da kuɗin ya yi ta ɗaya gefen. Ɗan manoman nan ba ya cikin fili. Wata babbar jami'a ta yi masa tayin da ba zai iya ƙi ba, ya tafi. Wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya ma ya tafi. Lambobin suna nan a kan riguna, amma in an cire hula sai in ga baƙuwar fuska. Dā in yaro ya sauya makaranta sai ya zauna bai buga ba na wani lokaci, yanzu an cire wannan, kowa yana iya tashi ƙarshen kaka ya tafi inda aka fi biya. Na fara haddace sababbin, kafin in gama sanin su kaka ta ƙare, rabinsu sun watse. Mai ahwa ya ce wannan ba ƙungiya ba ce, mikrobas ce, wani na sauka wani na hawa. Na tambayi auta yaya yake ji da ya rasa abokin ɗakinsa. Ya ce suna waya kullum, kuma shi ma da shi ne da ya tafi. Sannan ya ce sabon mai jifan ba ya gaya masa in zai matsa hagu ko dama, sai dai ya ji an buge shi ta baya.

Ba a daɗe ba wani mutum ya fara kiran auta. Aikinsa shi ne ya nemo wa ɗan wasa makarantar da za ta fi biya, ya ɗauki kasonsa. Da aka yi wa maigidan bayani ya ce, "A'a, simsar ke nan," wato dillalin da ke nemo wa mutane gidan haya a nan. Sunan ya bi mutumin a gidanmu har yau. A daidai lokacin ne yaƙi ya ɓarke a Sudan. Ƙanwata ta iso da 'ya'yanta da surukarta, bayan tafiya mai wuya ta kan iyaka, ba su da komai sai kayan jikinsu. Gidanmu ya cika, ana kwana har a falo, ana layin banɗaki da asuba. Auta ya zo hutu ya tarar da haka, shi da kansa ya koma kwana a rufi.

Bayan sallar La'asar wata rana ya zaunar da mu, ni da babansa, ya ce simsar ya kawo tayi daga wata babbar jami'a a kudancin ƙasar. Abin da masu goyon bayanta za su ba shi ya ninka na yanzu sau da yawa. Zai isa a kama wa ƙanwata nata gidan, a sa yaranta makaranta.

Maigidan ya daɗe yana juya kofin shayi. Ya ce, "Dattijon nan da ya ɗauko ka a filin jirgi fa? Lokacin da babu wanda ya san ka shi ya yarda da kai. Amana ce."

"Na sani, Baba. Shi ya sa ban amsa ba."

"Yaran nan Allah zai ciyar da su. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba."

Duk suka juyo suna jira in yi magana. Ni zuciyata ta rabu. Ina ganin gaskiyar maigidan, ina kuma jin tarin surukar ƙanwata daga ɗaki. Na ce da auta, "Kada simsar ya gaya masa, kada ya ji a wurin wani. Kira shi da bakinka, ka gaya masa halin da gidanku ke ciki, ka ji abin da zai ce."

Ya hau rufi ya kira. Ya jima bai sauko ba, da ya sauko idanunsa sun yi ja. Ya ce dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce makarantarsu ba ta da abin da za ta ba shi da ya kai wannan, kuma ba zai roƙe shi ya zauna ba. Dattijon ya ce shi ma a bana ya ɗauko yara daga makarantun da ba su kai tasa ba, masu horar da su a can ma haka suka ji. Ya ce da a zamaninsa ana biya, da gwiwoyin da ya lalata a fili sun saya wa mahaifiyarsa gida. Abu ɗaya ya nema, kada auta ya bar karatun. Maigidan ya ji wannan, ya ce, "Wannan mutumin kirki ne. Khalas, shi ke nan, je ka, Allah ya sa albarka." Ya tashi ya tafi hura gawayi, ranar bai yi hira da kowa ba.

Sabuwar makarantar wata duniya ce. Filin wasansu in ya cika sai ka ce Arfa. Ƙanwata ta samu gidanta a layin bayanmu, yaranta suka shiga makaranta, tsohuwar ta ga likita. A ahwa aka ƙara kujeru, don yanzu ana nuna wasan a tashar da ba ta yankewa. Amma in na tambayi auta labarin abokan wasansa, ba shi da labari mai yawa kamar dā. Ya ce a ɗakin sauya kaya kowa da wayarsa. Ba a faɗin abin da ake ba kowa, amma kowa ya sani, ana gani a wurin ajiye motoci. Yaro zai zo daga sakandare bai taɓa buga wasa ɗaya ba, ya fi wanda ya shekara yana shan karo samu, sai ka ga manya suna yi masa wani irin kallo. Koci ma yanzu lallaɓa su yake yi, don in ya yi wa yaro tsawa da yawa, ƙarshen kaka ya tattara ya tafi.

Wani abu kuma ya faru da ya sa na daina ganin laifin kuɗin gaba ɗaya. Auta ya ji ciwo a gwiwa tsakiyar kaka. Wani daga cikin masu horar da su ya so a ɗaure masa ya buga wasa mai zuwa, don babban wasa ne. Auta, da abin da ya karanta da kuma abin da likita ya ce, ya ce ba zai buga ba sai ta warke. Ya gaya mini da a shekararsa ta farko ne, ba zai iya faɗin haka ba, don tsoron kada a janye masa tallafin karatu a sa shi a jirgi. Yanzu sun san in suka matsa masa akwai masu jiransa a wani wuri. Aka bar shi ya huta, gwiwar ta warke.

Nan gida ma abin ya iso. Da ya zo hutu ya je filin Ma'adi gaida kocinsa na farko, na bi shi. Yaran da ke atisaye sun ninka na dā, har da iyayensu a bakin fili, waɗanda a dā cewa suke wasan mahaukata ne. Suka yanyame shi. Ya durƙusa zai nuna musu yadda ake ajiye ƙafa kafin karo, wani ya ce, "Kyaftin, nawa suke ba ka?" Kocin ya dafe kai ya ce yanzu kowane yaro da wanda ke ɗaukarsa a waya yake zuwa, ya fi damuwa da hoton a kan atisayen. Duk da haka na ga yana murna da cikar filin. Ni ma a gidajen lalle mata suka fara jawo mini 'ya'yansu masu jiki, a ce, "Hajiya, dubi wannan, zai yi?" Nakan gaya musu gaskiya, yara da yawa suka fara tare da auta, shi kaɗai ya tafi, kuma ba don ya fi su ƙoƙari ba. In yaro yana so ya buga, amma kada a cire shi daga aji.

Da shekararsa ta ƙarshe ta gabato, simsar ya sake kawo wani tayin da ya fi wannan. Wannan karon auta bai ma zaunar da mu ba, bayan ya ƙi ne ya gaya mana. Ya ce sauyin farko ya ja masa maimaita darussa, don ba duk abin da ya karanta a can aka karɓa a nan ba, in ya sake tashi ba zai gama ba. Tsohon abokin ɗakinsa ya sauya makaranta har sau uku, ya yi kuɗi sosai, amma bai kusa samun takardar gamawa ba, kuma kafaɗarsa ta fara ba shi matsala. Wasansu na ƙarshe a kakar, manyan 'yan wasan da yawa suka ƙi bugawa, wasu don kada su ji ciwo kafin ƙungiyoyin ƙwararru su zaɓe su, wasu sun riga sun yi ciniki da wata makarantar. Na ce da shi ko shi ma zai zauna. Ya ce a'a, yaron da za a sa ya yi jifa sabo ne, bai taɓa buga babban wasa ba, in babu wanda ya san aiki a gabansa za a karya shi. Muka kalla a ahwa. An ci su, ci mai yawa ma, amma yaron ya fita da ƙafafunsa, na ga ya zo ya rungume auta yana magana a kunnensa.

Ƙungiyoyin ƙwararru ba su ɗauke shi ba. Ya je gwaji a wuri ɗaya, suka ce yana da ƙarfi amma ba shi da sauri. Ya yi kwanaki ba ya son magana, daga baya ya ware. Ya karɓi takardarsa, ya ɗan yi aiki a can na lokacin da aka yarda masa, sannan ya dawo. Yanzu yana aiki a wani asibitin gashin ƙashi a Ma'adi, kullum da safe ya hau metro daga tasharmu har can ba sauyi. Masu ciwon baya da tsofaffin da aka yi wa aiki a ƙugu suna son sa, sun ce hannunsa babba ne amma ba ya ciwo.

Ni ma na zama majinyaciyarsa, don zaman lalle ya cinye mini gwiwoyi. Da yamma yakan shimfiɗa mini tabarma ya ce, "Umma, ɗaga ƙafar. A'a, miƙe ta. Riƙe." In ce na gaji, ya ce saura kaɗan, kuma ƙarya yake yi. Kwanan baya ina kwance ƙafa a sama na tambaye shi, tsakani da Allah, kuɗin nan gyara wasan ya yi ko ɓata shi.

Ya ce, "Ya gyara 'yan wasa, Umma. Wasan kuma ban sani ba tukuna, sai nan gaba. Sauya ƙafa."

Na sauya. Washegari ina da amarya a Arba wa Nus, gidan a hawa na sama yake, kuma na hau shi ban tsaya hutawa a hanya ba.